Birki a gadar Tafoki

Ina taka birki a gadar Tafoki sai motar ta nufi bakin gada ta dama, ga Inna zaune a baya.

Zamanin tsadar fetur ne, kuɗin gyara ya yi wuya. Motar ta daɗe tana fizga hagu in na taka birki, har hannuna ya saba murɗa sitiyari dama. Ranar na karɓo ta daga gareji a Ƙanƙara, an gyara birkin ƙafar dama da mai ya jiƙa.

Muka tsaya taya ɗaya na reto.

Inna ta ce, "Ba ka ce an gyara ta ba?"

"An gyara, Inna. Hannuna ne ba a gyara ba."

Har yau gabana faɗuwa yake a gadar nan. Ku fa, wane sabo ya taɓa kusa hallaka ku?