Ciwon da Ba a Faɗa Gaban Suruki

Lokacin da nake aikin jinya a Isa, wata ranar kasuwa wani dattijon Bafulatani ya kawo mijin ɗiyarsa a kan babur daga rugarsu ta bayan Bafarawa. Ya ce sa ne ya tunkuri yaron a ciki tun jiya, abin bai taka kara ya karya ba, allurar ƙarfin jiki kawai suke so su koma.

Saurayin na zaune tsaf, sanda a kan cinya. Na tambaye shi inda ke ciwo, ya ce da sauƙi. Na sake tambaya, ya ce alhamdu lillahi. Ni kuwa akwai ni da gajen haƙuri, amma na san mutanenmu. Bafulatani ya gwammace a ɗauke shi a makara da ya yi raki gaban surukinsa.

Sai na bar bakinsa na koma jikinsa. Jijiyar hannunsa na gudu siririya, tafinsa sanyi ƙalau ga gumi. Na ja fatar idonsa, fari fat. Da na kwantar da shi na danna cikin, na ji shi tauri kamar katako. Fuskarsa ko gezau, amma na ga yatsun ƙafarsa sun dunƙule. Nan na gane jini ne ke zuba a ciki.

Allah ya taimake ni aka kira azahar. Na ce wa tsohon ya je ya yi salla, za ni ƙara duba yaron kafin ya dawo. Yana fita, saurayin ya damƙe gefen gadon, hawaye shar.

"Malama, tun jiya kamar ana yanka ni," in ji shi. "Don Allah kak ki hwaɗa mai."

Na sa masa ƙarin ruwa, na aika a nemo motar da za ta kai shi babban asibiti a yi masa aiki. Da tsohon ya dawo ya tubure, wai yaron da bai ce komai ba za a yanka?

"Baba, bai ce komi ba," na ce. "Hannuna ne ya ji."

Bayan damina suka zo mini da ƙwaryar nono, saurayin ya rame amma da ƙafarsa. Tsohon na ta yi wa masu jiran layi alfahari, cewa surukinsa har aka farke cikinsa ko uhum bai ce ba. Saurayin ya ɗago ya dube ni.

Na ce haka aka yi, ni ce shaida.