Miyar da Aka Bar wa Matattu

Yarema Dovhan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da kimiyya a makarantar garinsu, a gefen dajin Polisiya. Mutum ne mai sanyin hali, amma da an zo darasin cibiyar ƙwayar zarra sai ya zama wani daban. Yakan tara yara a tsakiyar aji, ya ce su ture juna amma kowa ya riƙe hannun na kusa da shi. Haka cibiyar take, in ji shi: ƙananan ƙwayoyin cikinta da ake kira furoton suna tunkuɗe juna, wani ƙarfi da ya fi wannan yana riƙe su, sai dai hannunsa gajere ne, maƙwabci kawai yake kamawa. In cibiya ta cika girma, ko 'yan'uwansu nutron suka yi mata yawa, ba ta da zaman lafiya sai ta fitar da wani abu. Abin da take fitarwa shi ke cutar da jiki.

Yara sun gane. Wadda ya kasa koya wa ita ce yayarsa Odarka, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Tun shekarar da tashar nukiliya ta fashe, iska ta zuba musu burbushinta a daji, Odarka ba ta fasa tsinko laimar kwaɗi ba. Takan shanya ta, ta jera a zare, ta aiko masa duk kaka. Shi kuwa gwanin aji, sai ya kara mata na'urarsa ta auna burbushin nukiliya, ya ji tana ƙaf-ƙaf, ya binne a bayan gida, ya aika da godiya. Kunya ce ta hana shi magana, kuma ya sani sarai ba dabara ba ce.

Bana abin ya zo masa har wuya. 'Yarsa Solomiya tana da ciki, kuma a gidan Odarka za a yi cin abincin jajiberin Kirsimeti, inda dole kowa ya ɗanɗana kowane kwano. Da rana ya sami Odarka a kicin tana juya miyar laimar kwaɗi. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗa mata komai, har da ramin bayan gida.

Odarka ba ta juyo ba. Ta tuna masa cewa da bakinsa ya ce burbushin yana ƙarewa bayan shekara talatin, ga shi sun wuce.

"Rabi na ce, Yaya. Rabi ya tafi, rabi yana nan yana jiran ranarsa, ba wanda ya san wacce. Shanyawar ma ruwa take cirewa, shi tana barinsa."

"To, Malam sarkin sani. Ni da nake ci tun kana zubar da majina, ga ni."

"Ke kin ci. Na cikin Solomiya bai zaɓa ba."

Ta saki ludayin har miyar ta fara kamawa. Zuciyarsa ta karye, don ya ga abin da ya taɓa: wannan miyar ce kaɗai ta rage mata daga girkin uwarsu, ita ce kuma mijinta Ostap ya fi so kafin ciwon wuya ya ɗauke shi.

Da tauraro na fari ya fito aka zauna. Al'adarsu ce a ajiye wa mamata cokali da ɗan abinci a bakin taga. Odarka ta shigo da tukunyar gaba ɗaya, ta wuce teburin, ta dire ta a can, ta jera cokali biyu. Solomiya ta tambayi gwaggonta ko ba za a zuba musu ba.

"Bana ta Inna ce da Ostap," in ji Odarka, tana goge hannu a zani. "Su ba abin da za ta ƙara yi musu. Ke miƙo kwanonki in sa miki kabeji."