Hoton Kan Mainasara Wanzami

Duk Bodinga babu kan da Mainasara wanzami bai taɓa riƙewa ba, kuma babu wanda ya riƙe ya bar shi da mutuncinsa. Aska dai gadonta ya yi wajen ubansa, amma bakin nan shi ya ƙera abinsa. Kana zaune gabansa a rumfar kasuwa, ya danne maka kai da babban yatsa, sai ya shiga karanto halinka daga ƙoƙon kanka. Mai doguwar ƙeya marowaci ne. Mai faffaɗan goshi shi ake cuta a cinikin albasa. Da siyasa ta dawo, ɗan ƙasarsu ya hau mulki a Legas, kowane ƙato ya sayi jaka ya zama ɗan kwangila, Mainasara ya ce shi ya aske su tun suna cikin tsumma, bai kuwa ji an ƙara musu komai a cikin kan ba. A yi dariya, gobe a dawo, don hannunsa sanyi gare shi, har barci mutane suke yi yana musu aski.

Nasa kan kuwa mutum ɗaya ke taɓa shi, wato Garba wanzamin Shagari, taubashinsa. Duk wata sai sun haɗu, wannan ya aske wancan, suna zagin juna tun daga wasa aska har naɗe zabira.

Shekarar da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, sabulu ma sai an bi layi, ita ce shekarar da hannun Mainasara na dama ya fara rawa, ga ciwon kai da ƙaho ya kasa cirewa. Ya yanki kunnen wani tela, ya rantse telan ne ya yi atishawa. Garba ne ya fara faɗa masa a ido, ranar da Mainasara ke masa aski.

"Mainasara, hannunga naka rawa shikai."

"Kanka dai ad da gargada awa hanyar Dandin Mahe."

Sai dai tsoro ya riga ya shige shi, tsoro sosai. 'Yarsa Safinatu da ke aure a Shagari tana da tsohon ciki, jikansa na fari, shi kuwa ya cika kasuwa da rantsuwa babu mai yin askin sunan nan sai shi. Matarsa Uwani ta ce wallahi askarsa ba za ta hau kan jinjiri ba sai likita ya duba shi. Aka je asibiti Sakkwato, aka ce sai an ɗauki hoton kansa, amma fim ya ƙare, a dawo. Sai da suka yi sawu har ƙafa ta gaji kafin a samu.

Hoto fa aka ce! Mainasara ya ɗauko babbar rigarsa ta Salla, ya kafa hula, ya rambaɗa kwalli, har turare ya fesa. Mai ɗaukar hoton ya sa shi ya tuɓe hular da rigar da layun wuyansa, ya kwantar da shi kan wani ƙarfe mai sanyi. Duk da haka da aka ce kar ya motsa sai da ya gyara fuska.

Likita ya ɗaga hoton ga haske. Ƙoƙon kai ne tsirara, idanu ramuka, haƙora a waje. Uwani ta yi salati. Mainasara kuwa ya matsa, ya ƙura ido, ya ce bai taɓa ganin kai mai tsari irin wannan ba.

Likitan ya yi masa bayani dalla-dalla. Ƙashi lafiya lau, babu tsagewa. Amma wannan na'ura ƙashi kawai take gani, ƙwaƙwalwa taushi gare ta, hasken ratsa ta yake ya wuce. Akwai wata sabuwa a ƙasashen waje mai nuna ƙwaƙwalwa yanki-yanki kamar an yayyanka albasa, su dai ba su da ita. Rawar hannu daga can ciki take, sai ya riƙa shan magani, dole kuma ya ajiye aska.

A duk jawabin nan "lafiya lau" kaɗai Mainasara ya ɗauko ya kawo Bodinga. Ya rataye hoton a rumfarsa, duk wanda ya yi gardamar zama sai ya nuna masa. Gwamnati da kanta ta leƙa kansa, wa ya fi ta? Ya hana Uwani sakat da zancen hoton, har ta gaji ta ƙyale shi.

Safinatu ta haifi namiji. Safiyar suna Mainasara ya isa Shagari da zabira a kafaɗa da hoton a hammata. Garba na gefe, ya zo cin tuwon suna, in ji shi, amma da tasa zabirar. Ungozoma ta zauna ta tallafo yaron, Mainasara ya durƙusa, ya jiƙa gashin, ya zaro aska.

Nan ya ga maɗigar yaron, wurin nan mai taushi a tsakiyar kai inda ƙashi bai haɗe ba. Tana bugawa a hankali ƙarƙashin fata. Ya aske dubunta bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Abin da na'urar Sakkwato ta kasa gani, ga shi nan yana motsi, tsakaninsa da bakin aska sai 'yar fata. Ya dubi hannunsa. Askar sai kaɗawa take, ya ƙara damƙe ta, ta ƙara kaɗawa. Hoton na jingine a bango yana washe masa haƙora.

Ya juya ƙotar askar ya miƙa wa Garba.

"Amshi, da tawa za ka yi. Taka ko kabewa ba ta fera."

Garba ya karɓa da hannu biyu, bai rama ba, kuma rashin ramawar nan ne ya karya wa Mainasara zuciya. Ya koma gefe, ya zauna a kan hannun nasa don kar mata su gani, hawaye na kwashe masa kwalli.

"Bi sannu wajen maɗiga, ɗan banza," ya ce. "Wanga kai na mutanen kirki na."