Ranar da Magogi Ya Zo Goge Kansa

A duk faɗin ofishin nan, in ji shi, babu wanda ya taɓa barin aiki sai da izininsa. Manaja na iya korar mutum, tsufa na iya sallamarsa, wani ma yakan samu wuri mai maiƙo ya yi gaba abinsa; amma muddin sunansa na nan a fuskar kwamfuta, to bai tafi ba. Sai ranar da Magogi ya zauna, ya gyara tabarau, ya danna. Faɗin ofishin kuwa ɗaki biyu ne da baranda a saman wani kantin fenti, kwamfutar kuma guda ɗaya ce, kowa da akawun ɗinsa a cikinta.

Asali ba don wannan aka ɗauke shi ba. Mai buga tafireta ne. Ranar da aka kawo kwamfuta shi kaɗai aka tarar, sauran sun fita cin abinci, sai mai haɗa ta ya buɗe akawun na farko da sunansa, ya ce masa shi ne admin, wato mai ikon sa wani da cire wani. Ya karɓi muƙamin kamar wanda aka daɗe ana zalunta. An sauya kwamfuta bayan nan ba sau ɗaya ba, amma ikon na biye da shi kamar jela.

Yana da tsarinsa. Ba ya goge mutum a bayan idonsa. Yakan kira mai tafiya ya tsayar da shi a gefen tebur, ya yi ɗan jawabi a kan halinsa, mai daɗi da marar daɗi, sannan ya tambaye shi, "Akwai abin da ka bari a ciki?" In ya ce babu, sai ya danna a hankali. Ba ya kuma bari a kwana. Yakan ce akawun da ya kwana bayan mai shi kamar takalmi ne a ƙofar ɗaki, kowa zai ɗauka mutumin na ciki. Wani direba da aka kora ne ya laƙaba masa Magogi, cikin zagi. Shi kuwa ya ji sunan ya yi masa daidai, ya riƙe.

A gida bai taɓa zubar da ko murfin biro ba. Ƙarƙashin gadonsa cike yake da matattun rediyo da takalman da ba su da 'yan'uwa, matarsa ta yi magana har ta gaji.

Kwamfutar ta daɗe tana kukan ta cika. Akwai wani jan layi da ke nuna ma'ajiyarta ta kusa toshewa, komai aka buɗe sai ta yi ta nishi. Duk wanda ya yi ƙorafi, amsa ɗaya yake samu: "Nauyin aikina ne. Ranar da na tafi za ku ga ta yi numfashi."

Ranar ta zo. Tun da safe ya kasa zama. Ya sa riga ya cire, ya nemi tabarau alhali yana kan hancinsa, ya kurɓi shayi a tsaye ya ƙona harshe.

"Baban yara," in ji matarsa, "ritaya za ka yi ko naƙuda?"

"Ba za ki gane ba. Yau da hannuna zan goge kaina. Ba wanda zai taɓa ni."

"To in ka gama, ka zo ka fara da ƙarƙashin gado."

Wadda ba ya so ta taɓa shi ita ce Sabuwa, sakatariyar da za ta gaji kujerarsa. Ta yaye yara biyu a ofishin, amma har yanzu Sabuwa yake kiranta, kowa ya bi. Laifinta a wurinsa shi ne tana danna abu ba ta karanta ba, kuma tana ɓare gyaɗa a kan kibod. Ta taɓa neman ya sa ta cikin masu iko saboda ranar da ba ya nan. Ya ce mata ba a taɓa yin ranar ba.

Ya riga kowa isa ofis. Ya shiga akawun ɗinsa, ya buɗe jerin sunaye. Ga Manaja, ga akanta, ga masinja, ga Sabuwa, kowa da maɓallin gogewa a ƙarƙashinsa. Nasa babu. Ya bi ta wata hanya da ya sani, inda ake ganin kowa a jere. Nan ga sunansa, ga maɓallin, amma ya dushe ya yi toka-toka, ya danna ya danna ko gezau. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Ya juya maus ya hura masa iska. Ya fita baranda ya leƙa masu sauke gwangwanayen fenti, ya dawo, ya zauna, ya miƙe. Ya zare waya daga bango ya mayar. Maɓallin na nan yadda yake.

Manaja ya leƙo. "Baba, an sayo lemo fa, kai ake jira."

"Ina zuwa. Wata 'yar matsala ce ta fasaha."

Sabuwa, wadda ta shigo tun ɗazu tana kallonsa ta gefen ido, ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarta. "Baba, ba fa za ta yarda ba. Kana ciki. Ba a goge akawun da ake zaune a cikinsa. Sai ka fita, wani admin ya goge ka."

"Wa ya faɗa miki?"

"Ba ka taɓa gwadawa ba ne. Kullum wasu kake gogewa. Ko wanzami ai sai an aske masa ƙeya."

"'Yar nan, tun ba ki san hagu da dama ba nake kan na'urar nan."

"Shi ya sa ta saba da kai, Baba. Ba ta son rabuwa."

Ya ƙyale ta. Zufa ta fara bin wuyan rigarsa. Can sai dabara ta faɗo masa, har ya yi murmushi. Ya buɗe sabon akawun, ya sa masa Magogi Na Biyu, ya ba shi iko. Zai shiga ta nan ya goge na farko, hannun wani bai taɓa shi ba. Har ya kai yatsa zai fita, sai ya tsaya. To wa zai goge Na Biyu? Sai an buɗe Na Uku. Ya hango Magogai a jere har bakin titi, kowane na jiran na bayansa, na ƙarshe kuma na zaune a ciki. Ya goge Na Biyu nan take, ba jawabi, ba tambaya.

Ya sake fita baranda. Abu biyu ne gabansa. Ko ya tafi ya bar sunansa ya kwana, takalmi a ƙofar ɗaki, ga ofis ba mai iko; ko ya miƙa wuya ga mai ɓare gyaɗa. Ya kai gwauro ya kai mari tsakanin tukunyar fure da injin janareta. Masinja ya wuce da kwalaben lemo, ya ce sun fara hucewa.

Ya dawo ya zauna. Ya nemo sunan Sabuwa, ya mai da ita admin. Ya fita daga akawun ɗinsa. Ya miƙe ya ba ta kujera, ya koma gefen tebur inda ya saba tsayar da mutane, ya ɓalla maɓallin wuyan rigarsa.

"Ki yi shi bisa tsari. Ki jira in gama magana, sannan ki tambaye ni ko akwai abin da na bari. Kuma ki yi haƙuri da ita, za ta jima. Aikin shekaru ne."

"To, Baba."

Da yake ba wanda ya yi niyyar yi masa jawabi, sai ya fara da kansa. Ya soma daga zamanin tafireta. Bai kai ga zuwan kwamfuta ba wayar Sabuwa ta yi ƙara. Telarta ce. Ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa.

"A'a, hannun rigar na ce ki rage, ba tsawon ba. Haba, sau nawa zan faɗa?"

Hannunta na kan maus. Wani akwati ya fito a fuskar kwamfuta yana tambaya ko ta tabbata. Ba ta karanta ba.

"Baba, ci gaba mana," ta ce bayan ta ajiye wayar. "Amma fa an gama."

Ya sunkuya ya duba jerin. Manaja, akanta, masinja, Sabuwa. Ya ce ta buɗe masa wurin ma'ajiya, ya gyara tabarau, ya matso da fuska har numfashinsa na taɓa gilashin.

Jan layin na nan inda yake.