Turaku Tara na Farin Tafki

Ilu ɗan ƙanen ubana ya matsar mini da turaku tara, matata ta mutu. Maganar ke nan. Sauran bayani ne saboda ku da ba ku nan. A aji huɗu na bar lakwal, makarantar boko ke nan, in rubutun ya karkace ku yi haƙuri. Maganar dai ba ta karkace ba.

Garinmu yana bakin Farin Tafki ta yamma. Tafkin babba ne, mai ƙafa in zai zagaye shi sai ya ci rabin yini. Da damina ruwa ne. In sanyi ya shigo sai ruwan ya ja baya, kanwa ta taso ta rufe laka, saman ya daskare fari fat har ya ɗauki mutum. Ƙanƙara muke ce masa. Ubana ya ce sunan tun zamanin kakansa ne, shekarar da aka yi wani sanyi har ruwan kansa ya daskare, aka wayi gari ƙafafun tsuntsaye a manne, mata suna fasa bakin tafki da taɓarya kafin su ɗiba. Da na faɗa wa malamin lakwal ɗinmu dariya ya yi, ya ce ba a ƙasar nan ba. Oho. Mu dai haka muka ji.

Abin da ba a musu shi ne ƙanƙarar ba ɗaya take ba. Akwai inda za ta ɗauki sa. Akwai inda idon ruwa yake a ƙasa, ta ɗauke ka yau ta ci ka gobe. A ido kuwa duk fari ne iri ɗaya. Shi ya sa gidanmu ke da aikin turaku. Duk shekara in sanyi ya kama, mai gidan zai ɗauki doguwar gora ya shiga yana bugawa yana saurare, ya kafa turke duk taku ashirin da jan tsumma a kai, daga bakin gari har gaɓar gabas. Tun zamanin mahara ake yi: mutane su bi turaku su tsere, dawaki su tsaya a baki. Ubana ya yi, na gada. Doka ɗaya ce. Ba mai taɓa turke sai wanda ya kafa shi.

Ilu yana da lambu a gaɓar gabas, daidai inda hanyar take fita. Sau biyu ya same ni a sanyin nan, wai mata masu zuwa itace suna taka masa kabeji, in karkatar da hanyar arewa. Na ce arewa ido ne. Ya ce taurin kai ne da ni.

Ranar da abin ya faru, ranar kasuwar Waca ce. Maza kusan duk sun bi mota Waca tun asuba, har da Ilu. Ni na tsaya saboda Inna, uwata, tana tari. Rabi matata ta hura wuta, ta ɗora kunu, da 'yarmu Nana a bayanta, 'yar wata bakwai. Ta ce in gyara mata igiyar guga, kwana uku ke nan tana faɗa. Na ce sai rana ta yi zafi. Shanuna bakwai suna garke, numfashinsu yana hayaƙi don sanyi.

Ƙarfe bakwai saura kwata na ji ƙarar moto, wato babur, daga kudu. Ba ɗaya ba. Na ɗauka 'yan ɗaurin aure ne. Karnuka suka fara haushi gaba ɗaya.

Saura minti goma aka yi harbi na farko. Sai na biyu, sai ba ƙidaya. Na leƙa ta kan danga. Mutum biyu biyu a kan moto, fuska a rufe. Tsoho Tanko yana tsaye a bakin garken gari da buta a hannu. Na ga ya zauna a ƙasa kamar ya gaji. Butar ta gangara.

Ɓarayin suna ihu, "Ku kwanta! Ina shanu?"

Suka cinna wa rumbuna wuta. Gero yana ƙonewa yana fashewa kamar ana suya. Mata suka fito suna gudu ba alƙibla, wasu suka nufi masallaci, can kuwa ake harbin.

"Tafki! Ku bi turaku!"

Ni na faɗa. Na fizgi gora daga jikin ɗaki, na goya Inna. Rabi ta tsaya tana kallona.

"Shiga gaba! Su bi ki!"

Matar mai turaku ce, ta fi kowa sanin hanya. Ta shiga gaba. Mata wajen ashirin da 'ya'yansu suka bi ta a jere. Ni ne na ƙarshe.

Ƙarfe bakwai muka hau ƙanƙara. Sanyinta yana yanka ƙafa. Tana ƙas-ƙas a ƙarƙashinmu, ƙarar mai kyau, busasshiya. Moto ɗaya ya biyo mu har baki. Tayar gaba ta nutse, suka ja da baya suna zagi, suka yi harbi uku a kanmu. Ba wanda ya faɗi. Na ce a raina kakanni sun yi gaskiya, tafkin nan ganuwa ne.

Turaku tamanin da huɗu ne. Kaina a sunkuye saboda nauyin Inna, ina ƙidaya su suna wucewa. Arba'in. Sittin. Inna tana tari a wuyana tana salati. A na saba'in na ɗaga kai.

Jan tsumman ya lanƙwasa arewa. Ba nan na kafa shi ba.

Na yi ihu. "Rabi! Tsaya!" Tsakaninmu ya fi taku ɗari, yara suna kuka, bindiga tana tashi a baya. Ba ta ji ba. Ko ta ji, ni ne na ce mata ta bi turaku.

Bakwai da minti ashirin da biyar ƙanƙarar ta fashe. Ƙararta kamar an taka ƙwarya. Rabi ta shige har ƙugu. Matan da ke bayanta suka ja baya suna faɗa wa juna. Ba ta yi ihu ba. Ta kwance majanyi, ta juyo da Nana, ta tura ta a kan ƙanƙara kamar ana tura faifai. Baraka maƙwabciyarmu ta kwanta ta jawo yarinyar da ƙafa ɗaya.

Na sauke Inna. Na nuna wa mata tsohuwar hanya, miƙe sak, suka wuce gaɓa. Uku suka tsaya, har da Baraka.

Na kwanta rub da ciki na miƙa gora. Ta gaza da kamu biyu. Na matsa, ƙanƙara ta tsage a ƙarƙashin ƙirjina, ruwa ya ɓullo. Na ja baya. Matan suka kwance mayafansu, muka ƙulla a bakin gora, muka jefa. Ta kama. Mu huɗu muka ja. Laka ba ta saki ba. Mayafi ya zame daga hannunta. Muka sake jefawa. Ta kai hannu, yatsun ba su rufu ba. Ta dube su kamar ba nata ba.

Na ruga lambun Ilu. Ba igiya, ba katako, sai tsohuwar zana. Na kawo na shimfiɗa, na hau, ta nutse da ni har gwiwa. Na duba salula, rezo babu, kira ba ya shiga. Rabi ta nutse har ƙirji. Ruwa yana taruwa a kan lakar, baƙi, mai sanyin da ban taɓa ji ba. Haƙoranta suna kaɗawa har muna ji. Ta tambayi Nana, aka ɗaga mata ita ta gani.

Takwas da minti goma harbi ya tsaya. Muka ji kukan shanu yana nisa, yana yin kudu. Igiya da ƙyaure suna cikin gari, a can ƙetare. Na miƙe.

Rabi ta ce, "Kar ka tafi."

Na tafi.

Ban san yadda na yi gudun ba. Gari hayaƙi ne. Tanko yana inda yake. Kunun Rabi yana kan murhu, ya ƙone ƙurmus. Na ɓalle ƙyauren ɗakinmu. Na ɗauki igiyar guga, wadda ta ce in gyara, na ƙulla inda ta tsinke da haƙori da hannu. Minti ɗaya bai ci ba. Na ɗora ƙyaure a ka na juyo.

Tara da 'yan mintoci na iso. Matan suna zaune a kan ƙanƙara. Rabi ba ta ƙara nutsewa ba. Tana nan inda na bar ta, laka a ƙirji. Kanta ne kawai ya sunkuya gaba, fuskar a cikin ruwa. Ruwan bai kai taƙi ɗaya ba. Baraka ta ce ta yi ta kiran sunanta tana amsawa, sai ta fara amsawa a hankali, sai ta daina.

Na shimfiɗa ƙyaure, na rarrafa, na ɗaga kanta na riƙe. Haka na zauna har azahar, da maza suka dawo daga kasuwa. Sai da aka jera ƙyaure shida kafin aka zare ta. Da la'asar muka binne ta a gaɓar gabas, ita da Tanko. Ba wanda ya yarda ya koma gari ya kwana. Muka taka har wani ƙauye a kan hanyar Waca, suka ba mu zaure da tabarmi.

Da safe na koma ni kaɗai. Ramukan turakuna na gaskiya suna nan, tara, a miƙe. Na je na cire waɗanda aka matsar. Ni kamu guda nake binne turke. Waɗannan da yatsa biyu na zare su. A gefensu sawun takalmin roba ne, na mutum ɗaya, mai tafiya a hankali. Ƙanƙarar ido takan ɗauki mai tafiya a hankali sau ɗaya. Ba ta ɗaukar mai gudu da goyo. Daga nan na shiga lambun, na tsaya a bakin tsohuwar hanya, na yi abin da ya kawo ni.

Ranar sadakar uku Ilu ya zo. Kwana biyu yana zagaye ni. Ya durƙusa a bakin tabarma, mutane cike, ya ce, "Yaya Mamman, ƙaddara ce. Da yamma na matsar da su, ana gobe abin. Wallahi na bi da ƙafata, ta ɗauke ni."

Na shiga zaure na ɗauko turakun da gora, na zube a gabansa. Liman ya kama rigata. Na ce ya sake ni, ba duka zan yi ba.

Na ce, "Ilu, ɗago ka dube ni. Ɓarayi sun tafi da shanuna bakwai, sun ƙona mini rumbu biyu. Ban san sunan ko ɗaya ba, na bar su da Allah. Kai na san ka, a akushi ɗaya muka ci. Na ce maka arewa ido ne. Ga gorar kakanmu nan, ɗauki, ni na gama. Bakin da ya ce wa Rabi ta bi turaku ba zai sake ce wa kowa ba. Nana kwana uku ba ta karɓi nonon kowa ba, da cokali ake ɗura mata. Na je lambunka na ƙidaya abin da ka tsirar a bakin hanya. Kabeji goma sha ɗaya ne. Na sake ƙirgawa, ko na yi kuskure. Goma sha ɗaya ne, Ilu."