Yaya Hajara da janaretan gidan burodi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hajara, tela a Bukuru, amma sai bana na tuna ta har na kama dariya ni kaɗai a bakin titi.

Lokacin tana ɗinki a shagon wani, ogan ya riƙe mata albashi wata da watanni. Sai Yaya ta yi abin da aka saba a garin nan: ta ɗora keken ɗinkinsa a ka, ta kai gida, wai jingina. Kafin la'asar 'yan sanda sun iso. Mai bin haƙƙinta ta kwana a hannunsu da sunan ɓarauniya, da safe oga ya zo yana yafe mata a gaban jama'a, har ana sa masa albarka.

Tun daga ranar, duk ma'aikacin da aka cuta sai ya sha faɗanta kafin ya sha lallashi. "Kai, ajiye! Ko allurarsa kada ka taɓa. Nemo waɗanda suka ga kana aikin, ku tafi ofishin ƙwadago. In ya ƙi zuwa, ai kotu ba gadon gidansu ba ce."

To, kwanakin baya ma'aikatan wani gidan burodi a Tina Junction suka gaji da "sai wani wata". Har sun kira mai kura zai kwashe janareta. Ɗanjuma, ɗan maƙwabciyar Yaya da ke aiki a wurin, ya hau kan janaretan ya zauna, ya ce sai dai a kai ƙara. Suka kira shi karen oga, suka rantse in ƙarar ta faɗi, a jikinsa za su fanshe. Ofishin ƙwadago ya kira oga, oga ya aiko da gaisuwa. Suka sami lauya mai taimakon talaka, aka shiga kotu.

Ran Talata wayata ta yi ƙara, Ɗanjuma ne. "Malam! Ya biya! Wallahi har na Kirsimetin bara!" Bayansa ihu ake kamar an ci kofi.

Da Yaya tana raye da salula a hannu, na san katin wata guda a faɗa ɗaya zai ƙare. Da ta ga wannan rana kuwa, guɗa za ta rangaɗa, sannan ta tambaya ko sun ƙirga.

Ɗanjuma ya roƙi in nuna masa kabarinta. Muka je, damina bakwai sun baje wurin, na kasa cewa ga shi. Ya cire hula, ya fuskanci maƙabartar gaba ɗaya, ya ce, "Mama, ban taɓa komai nasa ba."

Allah Ya jiƙan ki, Yaya. An ji.