Faifan da Allura Ke Ci

Duk unguwar Mawlai da ke Shillong babu wanda bai san tasin Bah Rishot Nongrum ba, kuma ba don kyanta ba. Sauran direbobi suna sa wa fasinja waƙoƙin da ake yayi, shi kuwa sai ya cusa kaset ɗin kiɗan samarin ƙarshen shekarun sittin: jita tana kuka kamar rina a cikin gwangwani, ganguna suna gudu, wani yaro yana ta ihu da harshen da shi kansa Rishot bai jin ko zo in kashe ka.

"Bah, rediyonka ya lalace ne?" in ji fasinja, don a nan Bah muke ce wa namiji in za a girmama shi.

"Kunnenka dai. Ina za ka sauka?"

Tun yana yaron mota, yana bin babbar mota zuwa Kalkata, yake tsintar fayafayan garmaho a bakin titi yana kwafarsu a kaset, waɗanda suka yi kwantai har rana ta kashe launin jakarsu. Na Turkiyya, na Singafo, na wasu garuruwan Ingila da ba a jin sunansu. Yawanci ƙungiyoyi ne da suka yi faifai ɗaya tak suka watse, wannan ya koma aikin banki, wancan ya shiga soja. In ka tambaye shi me yake ji a wannan hayaniya, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Saurara. Yaran nan ba su san za su faɗi ba. Suna bugawa kamar gobe duniya za ta san sunansu." Daga nan kuwa ka shiga uku, sai ka ji kaset ɗin har ƙarshe.

Amma akwai guda ɗaya da bai taɓa sa wa kowa ba. Ba na kamfani ba ne. Farantin ƙarfe ne da aka shafa wa baƙin ƙaro, aka yanka shi kwafi ɗaya a wani shago a Kalkata, irin wanda duk sawa sai allura ta kankare wani abu daga jikinsa. Abokinsa Tiplang ne ya buga jitar, bayan ya tsaga lasifikarsa da reza don ta yi wannan kukan. Mai waƙar kuwa Drimsi ce, yarinyar da Rishot ya aura daga baya. Kawunnanta suka ji labari, suka tayar da ƙura, ta rufe bakinta daga wannan waƙa har abada. Ita ce ta zama Kong Drimsi, kamar yadda muke girmama mace, shugabar mawaƙan coci, wadda in ta harare ka a layin baya sai muryarka ta dawo hanya. Ta hana a kwafi faifan a kaset, ta kuma sa mijinta ya yi alkawari: "Kada yara su ji."

Bara ta rasu. Mu 'yan ƙabilar Khasi, gida na mace ne, kuma 'yar auta ke gadonsa da duk abin da ke ciki. Namiji da rigarsa ya shigo, in zai fita da ita zai fita. Saboda haka gidan ya koma hannun autarsu Ibahun, kuma Rishot bai ga laifin hakan ba, haka ya taso ya tarar. Sai ranar da ta kawo masa jan shayi ta tsaya a ƙofar ɗakin fayafayan tana toshe hanci.

"Pa, fumfunar ɗakin nan ce ke sa jaririna tari. Ranar Asabar mai sayen tarkace zai zo. Naka da ka sayo, ka kai wurin Bah Tiplang in kana so. Akwatin Mei kuwa ni zan buɗe da kaina in tantance."

Ya ajiye shayin. Faifan yana cikin akwatin uwar tata, ƙarƙashin mayafan coci, babu ko rubutu a jikinsa, gefensa ya fara ɓarewa saboda danshin garin nan da ba ya barin komai. Wa zai gan shi bai jefar ba? In ya yi shiru, muryar Drimsi ta tafi bola. In ya yi magana, ya karya alkawarin matacciya. Kuma akwatin ba nasa ba ne balle ya taɓa. Kwana biyu yana zagaya tsakar gida kamar kazar da za ta yi ƙwai, abinci ma sai ya tsakura ya ture.

Ya sami Tiplang a shagon shayi yana taunar goronmu mai rina baki, ya zayyana masa komai.

"To ka sato mana, tsoho! Sa shi a ƙarƙashin mayafi ka fito."

"In yi sata a gidan 'yata?"

"Au, da ba ka sato uwarta daga hannun kawunnanta ba? Yau kuma ka zama fasto?"

"Kai ba ka da kunya, Tiplang."

"Ni da na tsaga sabuwar lasifika da reza? Ina na ga kunya? Amma ka ji, ni ma yatsuna suna cikin faifan nan. In ya tafi bola, kada ka zo jana'izata."

Ranar Juma'a da hantsi, Ibahun ta tafi kasuwa, ruwa yana ta zuba. Rishot ya durƙusa gaban akwatin ya buɗe. Ƙamshin mayafan ya doke shi, har sai da ya dakata. Ya zaro faifan, ya tura ƙarƙashin mayafinsa, ya miƙe. Yana juyowa ya gan ta a bakin ƙofa, ta dawo ta ɗauki lema.

Ba ta ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi ciwo. "Pa, me ka ɗauka a kayan Mei?"

Ya fito da shi. Ta juya shi a hannu, babu kula, babban yatsanta a kan wurin da ya ɓare.

"Riƙe shi ta gefe! Iba, don Allah ta gefe."

"Wannan ruɓaɓɓen abin ne ya sa ka zama ɓarawo? Mene ne a ciki?"

Ya ce a ransa, Drimsi, ki yafe mini, yarinyar nan ta girma. Ya karɓa, ya ɗora a kan garmaho, ya hure allurar, ya sauke ta a hankali.

Da farko ƙaraf-ƙaraf kawai, kamar ana soya abu. Sai jitar Tiplang ta tsage ɗakin. Ibahun ta yamutsa fuska, har ta kai hannu kunne. Sai muryar mace ta shigo, ɗanya, ba tsoro, ta hau sama ta fasa wata ƙara, a tsakiyar baiti kuma ta fashe da dariya ta ci gaba. Dariyar ce ta kama Ibahun. Lemar ta faɗi daga hannunta.

"Mei ce," ta ce. "Pa, Mei ce!"

"Ita ce."

"Mei ɗin da ta hana ni yin fito a gida?"

Ta zauna a ƙasa, tana dariya tana kuka gaba ɗaya, har waƙar ta ƙare. Rishot ya ɗaga allurar ya duba. Baƙin gari ya taru a bakinta. Ya nuna mata a kan yatsansa.

"Kin gani? Duk sawa sai ta ci. Shi ya sa ko da ta rasu ban sa ba, ina tsoro. Bari gobe in aro rakoda wurin Tiplang mu kwafe shi a kaset, ƙila ya jure sau ɗaya ko biyu."

Ta kalli baƙin garin. Ta share hanci da gefen mayafinta.

"Na gani, Pa. Amma na ɓata rabin farko ina toshe kunne. Sake sawa."

Faifan nata ne, uwar ma tata ce. Ya goge yatsansa a wando, ya mayar da allurar farko, ya zauna kusa da ita a ƙasa.